Wasiyya: Kada Ka Tafi Kabari Da Abin Da Kai Kaɗai Ka Sani

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da iyalansa da sahabbansa. 

Ƴan'uwa masu bibiyar wannan zaure, maza da mata, maganar yau doguwa ce kuma mai nauyi. A yi haƙuri a karanta ta har ƙarshe, wanda kuma yake kusa da dattijon da ba ya karatu, ya karanta masa.

A kusan kowace jana'iza ta garuruwanmu akwai sanarwar da kunne ya saba da ita. Kafin liman ya yi kabbara, ko bayan an dawo daga maƙabarta, wani daga cikin dangi yakan miƙe ya ce duk mai bin mamaci bashi, da duk wanda mamaci yake bi, ya zo ya ga wane. Al'ada ce mai kyau. Amma a tsaya a duba abin da take nunawa: iyalan mamacin ba su san abin da ke kansa ba. Mutum ɗaya tak da ya san amsar yana kwance cikin likkafani, an koma ana roƙon jama'a su faɗi gaskiya don Allah. Mai tsoron Allah zai zo ya faɗa. Mai kunya zai yi shiru ya bar haƙƙinsa, alhali zuciyarsa ba ta yafe ba. Wanda mamaci yake bi, in imaninsa ya yi rauni, zai shafa addu'a tare da kowa ya tashi da kuɗin marayu a aljihu. Akwai kuma wanda zai zo bayan kwana bakwai da bashin da ba a taɓa ci ba, ya rantse, a rasa mai ƙaryata shi.

Ra'ayina a nan shi ne, mafi yawan rigimar da ake kira rigimar gado a gidajenmu mamaci ne ya shuka ta da shirunsa tun yana da rai. Mun saba ɗora laifi kan kwaɗayin magada, kuma kwaɗayin yana nan. To amma kwaɗayi cikin duhu yake samun wurin wasa, duhun nan kuwa mai gida ne ya bar shi, lokacin da yake da baki da hankali da alƙalami, ya zaɓi ya yi shiru.

Abin da ke hana mu magana wani tsoro ne da ba mu cika furta shi ba, kamar dai wanda ya rubuta wasiyya ya aika wa mutuwa goron gayyata. In uba ya tara ƴaƴansa zai fara bayani, kafin ya kai ko'ina wani ya tare shi: "Haba Baba, a bar wannan magana, Allah ya ja kwana." Shi ma da ma yana neman mafita, sai ya yi murmushi a koma zancen damina. Wannan camfi ne, kuma tarihin magabata ya isa ya warkar da shi. A shekarar Hajjin Bankwana, shekara ta 10 bayan Hijira, Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya kwanta ciwo a Makka har ya fitar da rai da tashi. A lokacin ƴa ɗaya gare shi. Ya nemi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yarje masa ya bayar da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa, aka hana shi. Ya nemi rabi, aka hana shi. Aka tsayar da shi a kan sulusi, tare da nuna masa cewa sulusin ma yana da yawa, kuma barin magada cikin wadata ya fi barin su suna miƙa hannu. Sa'adu ya warke, ya jagoranci yaƙin Ƙadisiyya, ya haifi ƴaƴa da yawa, ya rayu fiye da shekara 40 bayan wannan kwanciya. Abdullahi ɗan Umar kuwa, shi ne ya ruwaito hadisin da ke cikin Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim, mai nuna cewa bai dace Musulmin da ke da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba face tana rubuce a wurinsa. Ya ba da labarin cewa tun ranar da ya ji wannan magana bai sake kwana ba tare da tasa ba. Ya rayu sama da shekara 60 bayan wafatin Annabi, takardarsa tana ajiye.

Akwai wata fahimta da ta yi mana illa, ita ce ɗaukar wasiyya a matsayin aikin masu kuɗi. Talaka zai ce: ni me na tara da zan yi wasiyya da shi? Malamai sun raba abin gida biyu. Bayar da wani abu daga dukiya domin neman lada, wannan mustahabbi ne ga mai hali. Amma bayyana haƙƙin mutane da ke kanka, bashi ko ajiya ko amana, wanda in ka mutu ba a sani ba zai salwanta, wannan wajibi ne, kuma babu ruwansa da yawan dukiya. A gaskiya ma talaka ya fi shiga ciki. Buhun hatsin da aka ci lokacin da rumbu ya ƙare da alkawarin biya da kaka, bashin taki, jika biyar ɗin da aka ranta ranar suna, kuɗin mai shago da ake ta cewa sai ƙarshen wata: duk bashi ne, kuma Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Hadisi ya tabbata cewa ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi. An taɓa kawo gawa gaban Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ja da baya daga yi mata salla saboda ƴan dinare kaɗan, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya.

Mu tuna kuma cewa rabon gado shi ne abu na ƙarshe da ake yi da dukiyar mamaci. Littattafanmu na Malikiyya sun jera abin daki-daki: a fara da haƙƙin da ya rataya ga wani abu ayyananne, kamar kayan da ke jingine, sai kuɗin likkafani da binnewa gwargwadon al'ada, sai basussuka, sai wasiyya daga sulusin abin da ya rage, sa'an nan magada. A ayoyi biyu na gado, ta 11 da ta 12 a Suratun Nisa'i, sau huɗu aka maimaita cewa rabo yana zuwa ne bayan wasiyya da bashi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu ta sauka. To malamin da aka kira rabo, komai ƙwarewarsa a ilimin fara'id, da abin da aka ajiye a gabansa zai yi lissafi. In rabin abin na wasu ne bai sani ba, lissafinsa zai fita daidai, marayu kuma su ci haram.

Babu labarin da ya fi dacewa da ƴan kasuwarmu irin na Zubairu ɗan Awwam, Allah ya ƙara masa yarda, wanda Bukhari ya kawo da tsawonsa. Zubairu mutum ne da jama'a suka amince da shi, suna kawo masa ajiya. Shi kuma yakan ƙi karɓa da sunan ajiya, ya ce a bar shi a matsayin rance, don in kuɗin sun salwanta nauyin biya ya zama a kansa. Ranar yaƙin Raƙumi, shekara ta 36, ya kira ɗansa Abdullahi gefe, ya shaida masa yana jin ba zai wuce wannan rana ba, kuma babbar damuwarsa ita ce bashin da ke kansa. Ya umarce shi ya sayar da kadara ya biya, ya kuma faɗa masa yadda za a yi da sulusi. Aka kashe shi bai bar tsabar kuɗi ba, sai filaye da gidaje a Madina da Basra da Kufa da Masar. Da Abdullahi ya ƙidaya bashin, sai ya tarar da miliyan 2 da dubu 200 na kuɗin wancan zamani. Ya sayar da filin Gaba ya biya. Ƴan'uwansa suka ce to a raba mana. Ya ƙi, ya rantse sai ya yi shekara huɗu yana shela a taron Hajji cewa duk mai bin Zubairu ya zo a biya shi. Sai da shekarun suka cika aka yi rabo, kuma kowa ya samu mai yawa.

A duba wannan da kyau. Zubairu ya samu sararin kiran ɗansa, kuma ɗan ya kasance Abdullahi. Duk da haka sai da aka yi shekara huɗu ana cigiya. Yanzu a kawo hankali gida, ga alhajin da ke babbar kasuwar Maraɗi ko kasuwar Dole ta Damagaram, wanda kayansa suke fitowa daga Kano da Kwatano da Lome, rabi da kuɗi rabi da amana. Akwai kuɗin bazawarar da ta ce a juya mata, akwai na ɗan ci-rani da ke aikowa daga Libiya a tara masa na gini, akwai na masallacin unguwa, duk sun gauraye da jarinsa cikin akwati ɗaya. Ga dillalin albasa na Galmi da ya ɗora kaya zuwa Abijan ko Kumasi, ciniki ya ƙullu ta waya, babu takarda ko ɗaya. Ga shanun da aka ba makiyayi kiwo shekara goma, mai su kaɗai ya san adadinsu da alamarsu. Littafin waɗannan mutane duka yana cikin kansu, kai kuwa ana binne shi tare da mai shi. Ƙari a kan haka, zamani ya kawo wani sabon akwati, wato waya. Kuɗi suna kwance a asusun waya ko a banki, saƙonnin masu bashi suna cikin WhatsApp, wayar tana kulle da lambar da babu wanda ya sani. Ba ina cewa ka raba wa mutane lambar sirrinka ba. Rubuta sunan kowane asusu da inda yake, ka sa lambar cikin takarda rufaffiya a hannun wanda ka amince da shi.

Gona ta fi kuɗi haɗari, don kuɗi suna ƙarewa, rigimar gona kuwa jikoki ma suna gadonta. Jingina da aro sun zama ruwan dare a karkararmu, musamman inda ƙasa ta yi wa mutane kaɗan kamar kudancin jihar Maraɗi. Mutum ya karɓi jinginar gona yana nomawa shekara ashirin, ƴaƴansa suka tashi suna ganin ta gidansu ce. Ya mutu, wanda ya jinginar ya mutu, shaidun sun mutu, sai a wayi gari ana jayayya gaban mai gari ko alƙali kowa yana rantsuwa da abin da ya ji daga bakin ubansa. Tun 1993 ƙasarmu take da dokar da ta tsara sha'anin filayen karkara, kuma a ƙarƙashinta aka kafa kwamitocin da ake kira Kofo, tun daga matakin ƙauye, masu ba da takardar shaidar saye da kyauta da aro da jingina. Wanda yake da gonar wani a hannunsa, ko tasa take hannun wani, ya je ya yi wannan takarda tun ɓangarorin biyu suna raye. Tun ran gini, ran zane.

Yanzu ga wata mas'ala da mutane da yawa ba su sani ba, kuma ita ce ta fi sa ni wannan rubutu. A mazhabar Imamu Malik, rubutu shi kaɗai bai isa ya zartar da wasiyyar kyauta ba. Shaihu Khalil ya bayyana a Mukhtasar cewa ko an tabbatar rubutun hannun mamaci ne, in bai kafa shaidu a kai ba, bai kuma ce a zartar ba, to ba a zartarwa, saboda mai yiwuwa ya rubuta ne yana shawara da zuciyarsa, daga baya ya canza. Saboda haka takardar da aka tsinta ƙarƙashin katifa ko cikin Alƙur'ani tana iya zama sanadin sabuwar rigima. A nemi adilai biyu, waɗanda ba su da rabo a cikin abin, a sa rana da wata da shekara, a sa hannu. Da boko aka rubuta, ko ajami, ko Larabci, ko Faransanci, duk ɗaya ne. Wanda ba ya rubutu ya sa a rubuta masa, wani dabam ya karanta masa a gaban shaidun. Saƙon murya yana taimakawa, amma waya tana ɓata, tana lalacewa, kuma mai son zuciya yana iya gogewa. Matafiyi ma ba a ɗauke masa ba: aya ta 106 a Suratul Ma'ida ta yi maganar kafa shaidu kan wasiyya har ga wanda ajali ya riska a hanya. Ƴan'uwanmu na Tawa da ke Abijan, da masu bin hanyar Agadas, su ne suka fi kowa buƙatar wannan kafin su ɗaura kaya.

Wani zai ce, kuma maganarsa tana da ƙamshin gaskiya: in na bayyana abin da na mallaka, hassada za ta taso, kishiyoyi za su fara lissafi, yara su daina nema su zauna jiran ranar. Wannan tsoro ba na banza ba ne, mun san gidajenmu. Amma fiƙihu ya riga ya ba shi mafita. Khalil ɗin nan ya ce shaidu suna iya shaida a kan wasiyya ko ba a karanta musu ita ba, ko ba a buɗe ta ba. Ka rubuta, ka rufe, ka kira adilai ka ce musu abin da ke cikin nan wasiyyata ce, ku shaida, a zartar bayan raina. Sirrinka yana nan, haƙƙin mutane kuma ya tsira. Kana kuma da ikon canza ta ko soke ta duk ranar da ka ga dama muddin kana raye. Abin da ba ka da iko da shi shi ne ɓoyewa har abada, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Sai maganar kyauta, inda iyaye da yawa suke yaudarar kansu da kyakkyawar niyya. Uba zai ce a gaban mutane: wannan gida na ba wance. Ya ci gaba da zama a ciki har ya mutu. Risala, wadda ake karantawa a kowane zaure, ta faɗa a fili cewa kyauta da sadaka da hubusi ba su cika sai da karɓa, in mai bayarwa ya mutu kafin a karɓa, abin ya koma gado. Wannan ya faru a gidan Sayyidina Abubakar kansa. Ya ba Nana A'isha kyautar wani adadi na dabino daga gonarsa, ba ta kai ga girbewa ta karɓa ba har ciwon ajali ya kama shi, sai ya shaida mata cewa yanzu abin ya zama na magada, a raba bisa Littafin Allah. Malik ya kawo wannan a Muwaɗɗa. In kana son ka ba wani abu, ba shi yanzu kana da lafiya, ka cire hannunka, a yi takarda, ka kuma yi adalci tsakanin ƴaƴanka. Magaji ba a yi masa wasiyya, sai in sauran magada sun yarda da kansu. Wanda kuma ya shirya takarda don ya danne ƴaƴa mata a gona, ko ya rage rabon ɗakin da ba ya so, ya sani ya rufe littafinsa da zalunci ne, kuma aya ta 12 ta Nisa'i ta hana cutarwa da wasiyya.

Haƙƙin matan aure yana buƙatar a tsaya a kansa. Sau nawa mai gida yake karɓar kuɗin akuyar matarsa, ko ya sayar da zinariyarta ya ƙara jari, da cewa zan mayar miki? Sau nawa ragowar sadaki yake kwana a kansa shekara talatin? Ranar da ya faɗi, dangin miji suna ƙidaya har tumakin da ta saya da kuɗin ƙuli-ƙulinta cikin gado, ita tana cikin takaba, kunya da baƙin ciki sun ɗaure mata baki, ga shi rabonta tumuni ne in akwai ƴaƴa, shi ma ta raba da abokan zamanta. Ka rubuta abin da yake nata, da abin da take bin ka. Ka yi shi kuma kana da lafiya, domin a mazhabarmu iƙirarin da mai ciwon ajali ya yi wa magajinsa ana iya ƙin karɓarsa in akwai tuhumar son kai. Wanda kuma yake da mata ko ƴaƴa a wani gari da gida ba a sani ba, ya ji tsoron Allah ya bayyana su, da shaidun auren da takardun haihuwa. Ɓacin ran kwana uku da za a yi da kai yanzu ya fi sauƙi a kan yaron da za a kora daga ƙofar gidan ubansa ranar zaman makoki. Ke ma ƴar'uwa, wannan magana taki ce. Adashen da kike uwarsa, kayan da maƙwabciya ta ajiye a ɗakinki, bashin mai atamfa, dabbobinki da ke ƙauye, duk a san da su.

Sulusi kuwa, ga mai hali, wata ƙofa ce da Allah ya bari a buɗe, kuma mun fi tunanin masallaci da rijiya idan an ambace ta. Alheri ne. Amma a fara duba cikin gida. Ɗanka ya rasu kana raye ya bar yara. Ranar da ka bi shi, baffanninsu za su shamakance su, ba su da ko taki ɗaya a gonar kakansu. Ƙasar Masar ta mayar da wasiyya ga irin waɗannan jikoki doka tun 1946. Kai ba ka buƙatar jiran doka, layi biyu da shaidu biyu sun isa. Haka agolan da ya tashi a hannunka, da ƴar riƙo, da yaron shago da ya yi maka hidima tun yana saurayi har ya yi furfura: babu ɗayansu da ke gado, kuma duk ana iya yi musu wasiyya. Wanda ya san ya yi sakaci da zakka a shekarun baya, ya fitar da ita yau. In bai samu iko ba ya rubuta, domin Malik ya ce in mamaci bai yi wasiyya da ita ba, ba a tilasta wa magada fitarwa. Mai ƙananan yara kuma ya ambaci wasiyyin da zai kula da su da dukiyarsu, ya tambaye shi tun yanzu ko ya yarda. In ba haka ba, wanda ya fi ƙarfin murya a zaman dangi shi zai karɓa.

Akwai kwanakin da ke gabanin mutuwa, waɗanda ba mu cika shirya musu ba. Mutum yana iya faɗuwa, harshe ya riƙe, ya yi wata da watanni a kwance. Nan take gida ya rabu: wasu a kai shi Yamai, wasu a ƙetara da shi Kano, wasu a mayar da shi ƙauye. Wa ke da ta cewa? A sayar da gona a yi magani, ko a bar wa yara? Ɗan da ya kashe miliyan a asibiti, taimako ya yi ko rance ya bayar da za a cire masa kafin rabo? Wannan tambaya ta ƙarshe ta raba ƴan uwa ɗaya uba ɗaya da yawa. Neman magani halal ne, gaggauta mutuwa haram ne, a tsakanin waɗannan biyu kuwa akwai fili mai faɗi da ra'ayin mai jiki yake da daraja a cikinsa. Ka ambaci wakilinka, ka faɗi abin da za a taɓa da abin da ba za a taɓa ba, kuma duk wanda zai kashe kuɗi ya faɗi niyyarsa a gaban ƴan'uwansa tun ranar.

Jana'iza ma magabata sun yi magana a kan tasu. Sayyidina Abubakar ya ce a wanke tufar da yake jinya a cikinta a haɗa da wasu biyu a yi masa likkafani, yana ganin mai rai ya fi cancanta da sabo. Sayyidina Umar, bayan an soke shi a shekara ta 23, ya sa ɗansa ya ƙidaya bashinsa, aka samu wajen dubu 86, ya faɗi inda za a nemo a biya. Sa'an nan ya aika neman izinin Nana A'isha a binne shi kusa da abokansa biyu. Ta yarda. Duk da haka ya ce in ya cika a sake neman izini, in ta ƙi a kai shi maƙabartar Musulmi. Mutumin da jini ke zuba daga cikinsa ke nan, bai bar wa iyalansa abin yin gardama ba. Kai ma faɗi naka: in ajali ya same ka a baƙon wuri, a binne ka can, ko a ɗauko ka? Ɗaukar gawa daga wata ƙasa tana iya cinye abin da marayu za su ci shekara, kuma sau da yawa dangi suna yi ne don gudun abin da mutane za su ce. Kalma ɗaya daga bakinka za ta sauke musu wannan nauyi. Game da taron kwana uku da bakwai da arba'in, na san masallatanmu sun saɓa, kuma ba shi na zo warwarewa ba. Amma akwai inda kowa ya haɗu: ba a yanka sa a dafa shinkafa da rabon yaron da bai balaga ba. Baligin da yake son yin sadaka ya yi daga nasa. Aya ta 10 a Suratun Nisa'i ta kwatanta cin dukiyar maraya da cin wuta, ba ta kuma ware wanda ya ci a cikin taro ba.

Ina roƙon limamanmu da kwamitocin masallatai su ɗauki wannan a matsayin aiki. Yadda ake samun mai wankan gawa da mai haƙa kabari a kowace unguwa, a samu mutum biyu ko uku amintattu, masu riƙe sirri, da aka san za a iya zuwa wurinsu a rubuta wasiyya a shaida. Mai gidaje da filaye a birni ya haɗa da zuwa wurin masu aikin shari'a, don takardarsa ta tsaya a gaban kotu, ya kuma tattara takardun filayensa da na aure da na haihuwar yara wuri ɗaya da wani ya sani. Sauranmu ɗan kaye da alƙalami sun wadatar. Shafi ɗaya na abin da ake bin ka, shafi ɗaya na abin da kake bi, shafi ɗaya na abin da ke hannunka ba naka ba. A riƙa duba shi bayan kowace kaka, da kafin tafiya Hajji ko ci-rani. Bashin da aka biya a soke shi a sa rana, in kuma an sake sabuwar wasiyya a sanar da shaidu, a yaga tsohuwar a gabansu don kada a wayi gari da takarda biyu masu saɓa wa juna.

Wallahu a'alam.